Na ƙara RAM, kwamfutata ta rikice, don Allah a taimaka

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon bayani, kaina ne ya ɗaure.

Kwamfutar tebur ce, asali ta yayana. Shi ya haɗa ta da hannunsa a 2019, da ya koma laftof sai ya bar mini. Ba sayar mini ya yi ba, aro ne da ya daɗe har ya zama kamar kyauta, shi ya sa nake jin nauyin in kira shi in ce ta sami matsala a hannuna, don tun ranar da zai ba ni sai da ya ja mini kunne kada in riƙa buɗe ta. Aikin tace bidiyo nake yi da ita. Yanzu haka akwai aikin wasu da na yi alkawarin miƙawa ranar Alhamis, na karɓi rabin kuɗin, kuma da shi ma na sayi RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da ya jawo wannan rigima. Kun ga ke nan ba ni da bakin cewa a ƙara mini lokaci.

Furosesar Ryzen 5 2600 ce, RAM ɗinta DDR4 guda ɗaya mai giga 8. Da na buɗe manhajar tace bidiyo tare da burawza sai ta koma tafiyar hawainiya. Sai na sayo wani mai giga 16, shi ma DDR4, na ce ai 24 ta wadatar. Na saka, na kunna, fankoki na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ga wata 'yar jar fitila a kunne kusa da inda aka rubuta DRAM. Na cire na mayar, sai ta tashi. Amma Windows ya nuna an saka giga 24, wanda za a iya amfani da shi 7.9 kawai. Wani lokacin ta tashi a haka, wani lokacin ta ƙi gaba ɗaya. Jabu aka sayar mini ko yaya?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ba sai an yi dogon bincike ba. Ka haɗa RAM biyu da ba uwarsu ɗaya ba, shi ke nan. Fiye da shekara goma ina wannan aikin, kullum ina faɗa: ba a haɗa gambiza. Dalilin da ya sa kamfanoni ke sayar da su biyu-biyu a kwali ɗaya shi ne an gwada su tare. Ka mayar da wannan, ka sayar da tsohon, ka sayi 8 biyu ko 16 biyu 'yan kwali ɗaya. An gama.

Maman Ihsan:
Ɗan'uwa ka ba mu labarin yayanka kaf, amma ba ka faɗa mana wane madabod (babban allon da komai ke haɗe a kansa) ba ne, ramukan RAM nawa gare shi, kuma a wanne ka saka kowanne. Sannan me aka rubuta a jikin tsohon da sabon?

Ɗan Auta:
Hajiya ramuka huɗu ne. B450 ne, shi na gani a rubuce. Tsohon yana na biyu idan aka ƙirga daga wajen furosesa, ban taɓa shi ba. Sabon na saka a na huɗu, don haka na ga ana yi. Tsohon an rubuta 2400, sabon 3200 CL16 1.35V. Injiniya, mai shagon ya tabbatar mini DDR4 duk DDR4 ne.

Injiniya:
Mai shago zai ce maka kada ka saya ne? Mai gudun 2400 da mai gudun 3200! Ka ga abin da nake faɗa.

Baban Hanifa:
Ni dai masu sayar da kayan nan Allah ya isa tsakanina da wasunsu. Bara na yi odar giga 32 ta intanet, na ga araha na ruɗu. Ya iso, ya shiga rami daram kamar don shi aka yi, amma ko ƙyaftawa sikirin bai yi ba. Kwana uku ina zargin madabod, har na kusa sayen wani. Ashe RAM ɗin manyan kwamfutocin saba ne, irin mai ƙarin guntu a tsakiya, wanda kwamfutar gida ba ta karɓa. Ƙafafunsa 288 ne kamar kowane DDR4, tsagar ma wuri ɗaya, ido ba zai raba maka su ba sai ka karanta takardar jikinsa. Bayan PC4-2400T idan harafin da ya biyo R ne, na saba ne, idan U ne, na gida. Na kira mutumin, ya ce ai ban tambaya ba. Daga nan ya toshe lambata. Har yau RAM ɗin yana cikin durowa ina kallonsa. Araha ba ta ado wallahi.

Ɗan Auta:
Allah ya mayar da alheri Baba. Nawa dai ba na saba ba ne ina jin, mai rigar ƙarfe ne, har da fitilu.

Mai Gilashi:
Ka duba ko Windows ɗinka 32-bit ne. Ko kuma ka shiga msconfig, tagar saitin tashin Windows, wajen Boot, akwai wani akwati na Maximum memory, idan an yi masa alama ka cire.

Maman Ihsan:
Na msconfig ɗin a duba, ba ya cin minti biyu. Amma 32-bit ba ya wuce giga 4, shi kuwa 7.9 yake gani. Kuma saitin Windows ba zai kunna fitilar DRAM ba, don a lokacin ko fara lodin Windows ba a yi ba.

Injiniya, da girmamawa, maganarka ta yi tsauri. 'Yan kwali ɗaya sun fi kwanciyar hankali, wannan babu musu. Amma 8 da 16 na aiki tare a kwamfutoci da yawa. Madabod na karanta wani ɗan ƙaramin guntu a jikin kowane RAM, ana ce masa SPD, ya zaɓi gudun da dukansu za su iya, su sauka zuwa na mai rauni. Wannan 3200 da 1.35V ɗin ma ba a kansa yake tashi ba sai an kunna XMP, saitin ƙarin gudu, a BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi. Idan ba a kunna ba, yawancinsu a 2133 ko 2400 suke tashi, a kan 1.2V, daidai da tsohon nasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne adadin da ya ɓace: giga 16 cif, girman sabon. Wato an san yana nan, amma an kasa aiki da shi. Ko dai RAM ɗin, ko ramin, ko hanyar da ta tashi daga ramin zuwa furosesa.

Injiniya:
Hajiya wannan duk karatun littafi ne. Mu da muke riƙe da sukundireba kullum mun san abin da muke gani. Sau nawa aka kawo mini irin wannan, na cire baƙon RAM komai ya daidaita?

Na Gidan Baya:
Ka samu abin goge fensir ka goge ƙafafun zinaren nan a hankali, ka hure ramin. Sannan ka danna shi da ƙarfi har sai ka ji ƙas ta kowane gefe. Mutane na jin tsoron dannawa. Ka kuma zare wayar wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar, BIOS ya koma yadda ya zo.

Ɗan Auta:
Na danna har yatsana ya yi ja. Ƙura kuwa babu, don ranar da zan saka na share cikinta tas, har fankar furosesa na cire na wanke. Batirin zan gwada. CPU-Z ma, manhajar nan da ke nuna kayan cikin kwamfuta, yana ganin duka biyun, da sunansu da girmansu, to ta yaya za a ce rami ne?

Maman Ihsan:
Tsaya tukuna. Ka cire fankar furosesa? Da ka ɗaga ta, furosesar ta zauna a mazauninta ko ta biyo ta?

Ɗan Auta:
Ta biyo ta, man da ke tsakani ya bushe ya manne su. Amma na ɓamɓare ta a hankali na mayar, kuma ta shiga lafiya. Ba daga nan ba ne, don da tsohon RAM ɗin tana aiki sumul.

Maman Ihsan:
To ai wannan ya kamata ka fara faɗa, kafin labarin Alhamis. Irin furosesarka ta AM4 a jikinta ƙafafun suke, guda 1331, sirara kamar allura, kuma mai sarrafa RAM a cikinta yake, ba a madabod ba. Ramukan nan huɗu hanya biyu ne: na ɗaya da na biyu hanyar A, na uku da na huɗu hanyar B. Idan ƙafa ɗaya cikin na hanyar B ta lanƙwashe, ko man nan ya shafe ta, ko ka ɗaure fankar gefe ɗaya ya fi ɗaya matsewa, hanyar B za ta mutu alhali A na aiki lafiya lau. Tsohon naka a A yake, shi ya sa ba ka ga komai ba. CPU-Z kuwa daga SPD yake karanta suna da girma, ta wata siririyar hanya daban, don haka ganinsa ba shaida ba ne.

Gwaji uku nake so, kowanne da RAM ɗaya tak: sabo a rami na biyu, sabo a na huɗu, tsoho a na huɗu. Idan dukansu sun tashi a na biyu sun ƙi a na huɗu, babu ruwan mai shago.

Ɗan Auta:
Hajiya ni fa ban lanƙwasa komai ba. Na duba da fitilar waya kafin in mayar. Kuma da ban share ba, zafi ne zai kashe ta, ƙurar da na kwaso ba kaɗan ba ce.

Baban Hanifa:
Garin neman gira dai. Nan gaba ka bar ta ta yi aiki ta ɗau ɗumi, ka kashe, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. Ni ɗana ne ya taɓa fizge tawa haka, yaran yanzu ba sa tambaya, sai sun ɓata su zo suna sosa ƙeya.

Mai Gilashi:
Ni a ganina ya sabunta BIOS. Madabod na wajen 2018 ko 2019, idan ba a taɓa sabunta shi ba, sababbin BIOS sukan gyara yadda yake karɓar RAM.

Injiniya:
Kada ka kuskura. Kwamfutar da ke tashi yau ta ƙi gobe ita za ka yi wa wannan? Ta tsaya a tsakiya ko wuta ta ɗauke, ka rasa madabod ɗin ɗungurum. Sannan ko komai ya daidaita, furosesar nan 2933 kamfaninta ya lamunce mata, 3200 ɗin da ka biya kuɗinsa sa'a ce in ka same shi. Ni dai na faɗi tawa tun farko.

Ɗan Auta:
Na dawo. Na cire batiri, babu canji. Akwatin msconfig ba shi da alama. Na cire tsohon, na saka sabon shi kaɗai a rami na biyu, ta tashi nan take, giga 16 cif, har na yi awa biyu ina aiki.

Injiniya:
Alhamdulillahi. Me na ce? An raba su an zauna lafiya.

Maman Ihsan:
Abin da wannan ya nuna kawai shi ne sabon RAM ɗin na tashi, kuma rami na biyu lafiyarsa ƙalau, wanda dama mun sani. Bai raba gardama tsakanina da Injiniya ba. Saura gwajin rami na huɗu. Kuma awa biyu ba ta isa a wanke RAM ba, ka saka MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filashi ka bar shi ya kwana yana zagayawa.

Ɗan Auta:
Hajiya na gode ƙwarai, amma gaskiya yanzu da ta tashi ba na son in sake taɓa ta kafin Alhamis. Kuma in ma ƙafar ce, me zan yi? In ce wa yayana me? Ni har yanzu zuciyata ta fi ba ni haɗin ne bai yi ba, don kafin in sayo wannan RAM ɗin ban taɓa ganin jar fitilar nan ba.

Maman Ihsan:
Kafin ka sayo shi ba ka taɓa saka komai a hanyar B ba, kuma ba ka taɓa cire fanka ba. Rana ɗaya ka yi duka biyun. Idan ka bi shawarar sayen 'yan kwali ɗaya alhali hanyar ce ta mutu, a na biyu da na huɗu za ka saka su, ka dawo nan da wannan tambayar.

Injiniya:
Ya sayo ɗin mu gani. In bai yi ba ku kira ni da wani suna.

Ɗan Auta:
Sai an biya ni ragowar kuɗin tukuna. Akwai mai son giga 8 DDR4 2400? Lafiyarsa ƙalau.

Ɗalibi:
Salam. Don Allah tunda ana maganar, wannan giga 8 ɗin zai shiga laftof? Tawa DDR3L aka rubuta a jikinta.