Yaushe Kicin Ke Buƙatar Gyara? Abin da Na Tattaro

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan lokacin da kicin ke buƙatar gyara ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Warin gas ba a yi masa jinkiri. A rufe silinda, a buɗe taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Sau da yawa tiyo ne ya tsufa ko regileta (abin da ke daidaita fitar gas daga silinda), ba sai an rushe komai ba.
2. Yoyon ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Nan aka fi daɗewa ana tattaunawa. Danshi yana kumbura katako, ya jawo kyankyasai da gara, kafin a ankara kabad ta ruɓe daga ciki. A kira mai gyaran famfo tukuna, sannan kafinta, in ba haka ba aikin baban giwa za a yi.
3. Soket mai zafi ko mai ƙauri, a canza wayar.
4. Bango ya yi baƙi ƙirin: hayaƙi ba shi da mafita, fenti kaɗai ba zai magance ba.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce a yi aikin gaba ɗaya, kuɗin ma'aikata ya fi sauƙi. Wasu suka ce kaɗan-kaɗan, daidai ruwa daidai tsaki. Kan kabad ma an ja: katako ya fi kyau, alminiyom kuwa gara ba ta cin sa. Ni dai na karkata ga alminiyom.

Lokaci kuwa, da rani, kafin damina ta sauka, kuma ba dab da azumi ba. Masu haya su fara jin ta bakin mai gida.