Hawa Jadawalin Transparency International Na Nufin Rashawa Ta Ragu?

Odita: Duk shekara in ƙasa ta hau matsayi uku ko biyar a jadawalin CPI, wato ma'aunin yadda ake ganin yawan rashawa a ƙasashe, wanda ƙungiyar yaƙi da rashawa ta Transparency International ke fitarwa, sai a ce cin hanci ya ragu. Ban yarda ba. Ƙasa na iya hawa don kawai wasu sun zame ƙasa. Maki ake dubawa, daga 0 (rashawa ta yi katutu) zuwa 100 (babu rashawa).

Malamar Ƙididdiga: Malam, ko makin sai an yi hattara. Ba kuɗin da aka sace ake ƙirgawa ba, ra'ayin masana da 'yan kasuwa ne daga majiyoyi 13, kuma uku sun isa ƙasa ta shiga. Ana daidaita ma'aunin kowace majiya, a ɗauki matsakaici. In majiyoyin sun saɓa da juna, tazarar kuskure kan yi faɗi, ƙarin maki biyu bai tabbatar da komai ba. Kada kuma a gwada makin kafin 2012 da na yanzu, a shekarar aka sauya tsarin.

Mai Bincike: To a tambayi jama'a mana, Malama. Ma'auni mai lamba 16.5.1 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ke nan: cikin waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati a wata 12, nawa suka ba da na goro ko aka nema a wajensu? Da masu hulɗar ake raba adadin, ba da dukan jama'a ba. Nan da yawa ke tuntuɓe.

Odita: Wa zai faɗa wa baƙo mai takarda cewa ya ba da cin hanci? Sannan wannan ƙananan kuɗi yake kamawa. Satar kwangila fa?

Malamar Ƙididdiga: Tsoron yana da magani. A raba mutane gida biyu ta ƙuri'a. Ɗaya a ba su jerin abubuwa huɗu, ɗaya biyar har da cin hanci, a ce su faɗi guda nawa suka aikata, ba waɗanne ba. Bambancin matsakaicin shi ne kiyasin. Illarsa, sai mutane sun yi yawa sosai.

Mai Bincike: Ta kwangila kuwa, bin sawun kuɗi ake yi. A Yuganda, tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin ɗalibai ya isa makarantu. A Indonesiya, masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya sa injiniyoyi suka haƙa titunan ƙauyuka sama da 600, suka auna yashi da duwatsu, suka gwada da abin da aka rubuta a takarda.

Odita: Wannan na yarda. Amma giɓin ba duka sata ba ne, akwai ɓarna da sakacin rubuta lissafi. Kuma da haƙa titi ba za ka jera ƙasashe wajen 180 kamar yadda CPI ke yi ba.