In an sayi mai awo

Malam Garba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yan baitoci kan abin da ya daɗe yana ci mini rai, wato yadda manyan kamfanoni ke kutsawa har ɗakin da ake rubuta doka. Mai amsa ya amsa da waƙa, in da hali ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai raba arziki ga kowa.

Ba na faɗa da mai neman nasa,
Riba halas ce a kasuwa.

Abin da ke hana ni barci
Shi ne a sayi mai aunawa.

In mai kaya ya mallaki sikeli,
Gun wa mai saye zai kai damuwa?

A 2008 mun gani da idonmu,
Bankin Lehman ya yi faɗuwa.

Bashin gidaje suka yi wa kwalliya,
Ruɓaɓɓe ne suke ta sayarwa.

Wuta ta kama, majalisar Amurka
Ta ware dala biliyan 700 don kashewa.

Bankuna aka fara tsamowa daga ruwa,
Masu gidaje na can suna nutsewa.

Ranar cin daɗi ba a kira mu ba,
Ranar biyan bashi da mu ake rabawa.

Sai ga 2010, kotun ƙolin ƙasar
Ta ce kamfani ma na da bakin faɗawa,

Ya zuba kuɗi a tallan zaɓe,
Ba iyaka, ba mai tsawatawa,

In dai bai damƙa wa ɗan takara ba,
Sun ce babu abin tuhumawa.

Ƙuri'ata ɗaya, ta attajiri ɗaya,
To wa ake saurara bayan ƙirgawa?

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan bari ka tafi da ita haka ba. Ni 'yar kasuwa ce, duk ƙarshen wata akwai masu jiran albashi a hannuna, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Malam, ka yi waƙa da hikima,
Amma rabin zancen ka ƙi taɓawa.

Wayar da ka rubuta baitin nan,
Kamfani ne ke ƙerawa.

Jirgin da ke kawo magani,
Da jarin wani yake tasowa.

An gwada ƙasar da ba ɗan kasuwa,
Komai hukuma ce ke tsarawa.

Tarayyar Sobiyet, kantuna fayau,
A 1991 ta yi rushewa.

Sin ma sai da ta buɗe ƙofa a 1978
Talakanta ya soma ganin ƙaruwa.

Shi wanda ake sayen, wa ya ɗora shi?
Ai mu ne muka yi masa rawa.

Mai ba da cin hanci ya yi laifi,
Amma ina ka bar mai amshewa?

Duk lasisin da ka ƙara a doka,
Ka ba jami'i abin sayarwa.

Ƙaramin ɗan kasuwa ke cika takardu,
Babba na da lauyoyin kewayewa.

Sau da yawa shi ke son dokar ta yi tsauri,
Don kada sabo ya samu shigowa.

Baba Isyaku:

Garba ƙanena, Rabi 'yata, ku yi mini afuwa, na sauya amsa-amo zuwa "ya". Labarin da zan ba ku tsoho ne, amma duk abin da kuke jayayya a kai yana cikinsa.

Ku matso ku ji abin da ya faru jiya,
Tun kakanninmu ba su zo ba duniya.

A 1600 'yan kasuwar Landan
Suka karɓi izini daga hannun Sarauniya,

Su je gabas su saya su sayar,
Sunansu Kamfanin Gabashin Indiya.

Da sikeli suka sauka bakin teku,
Suna roƙon wurin ajiye kaya.

Sannu a hankali suka ja ganuwa,
Suka ɗauki soja don gadin dukiya.

A 1757, a filin Plassey,
Suka ci Bengal da maƙarƙashiya.

Mir Jafar, sarkin yaƙin mai ƙasar,
Tun kafin a ja daga ya juya baya.

A 1765 aka ba su karɓar haraji
Na Bengal, Bihar da Orissa gaba ɗaya.

Ku dubi wannan: kamfani ne fa,
Da hafsoshi, da kotu, da tuta a samaniya.

A 1770 yunwa ta faɗa wa ƙasar,
Miliyoyi na mutuwa, ana karɓa ba kunya.

Masu hannun jari na zaune a majalisa,
Su ke yin dokar, su ke cin moriya.

A 1773 asusunsu ya bushe,
Garba, nan za ka ga 2008 ta jiya:

Fam miliyan 1.4 aka ranta musu
Daga baitulmalin Birtaniya.

Sai da aka yi boren 1857
Aka ƙwace mulkin, bayan an sha wuya.

Rabi, ban ce ciniki haramun ba ne,
Ubana da shi ya ciyar da mu lafiya.

Amma ɗan kasuwa in ya samu bindiga,
Wa zai iya ce masa tsaya?

Malama Zainab:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hajiya, kin ambaci magani, kuma nan ne aikina, shekaru da yawa ina jinyar marasa lafiya. Wannan labarin ba na iya tuna shi ban ji wani abu ya tsaya mini a wuya ba. Na ɗauki "ni".

Hajiya, na yarda da ke a abu guda,
Ba a buga ƙwaya sai da kamfani.

Bincike na cin kuɗi da shekaru,
Ba na hana mai wahala cin amfani.

Amma ki tuna ƙarshen ƙarnin da ya wuce,
Ƙanjamau na ci kamar wutar daji a rani.

An gano abin da ke rage kaifinta,
Sama da dala 10,000 a shekara kuɗin magani.

A 1997 Mandela ya sa hannu a doka
Don majinyacin ƙasarsa ya samu sukuni,

A shigo da mai rahusa daga waje,
A ceto uwa, a ceto miskini.

Kamfanoni 39 suka haɗa kai,
Suka je kotu suna neman hani.

Shekara uku ana ɗage zama,
Lauyoyi na muhawara, ana ɗinkin likkafani.

Majinyatan da kansu suka hau titi,
Da sauran ƙarfin da ya rage a jini.

A 2001 Cipla ta Indiya ta ce dala 350,
Wato ƙasa da dala ɗaya a yini.

Afrilun shekarar suka janye ƙarar,
Da suka ga duniya duk ta gani.

Nuwamba a Doha ƙasashe suka ce
Dokar mallakar fasaha kada ta hana ceton mai rauni.

Ita dokar kuwa, ta 1994,
Da matsin manyan kamfanoni aka yi mata gini.

Waɗanda suka rasu ana jiran hukunci,
Hajiya, a wane littafi za mu sa su a ma'auni?

Hajiya Rabi:

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Malama, ba ni da bakin kare masu wannan ƙarar, kuma ba zan yi ba. Amma ki sake duba baitinki na goma.

Ƙanwata, kin ba ni hujja da hannunki:
Wa ya karya farashin? Wani kamfani.

Da mai sayarwa ɗaya ne a fili,
Shi ke yanka kuɗi, ba mai cewa don me ni.

Da na biyu ya shigo da nasa kayan,
Sai ga sauƙi ya zo kamar yayyafi a rani.

Babakere shi ne ciwon da ke damunmu,
A buɗe ƙofa ga kowa, shi ne magani.

Auwalu:

Iyayena, ina gaisuwa. Ni ƙarami ne a cikinku, amma tun da Hajiya ta kira sunan babakere, bari in sa baki. Na yi ƙwar biyar, na dawo wa Malam da "wa" ɗinsa a ƙarshen kowane baiti. Dokar hana babakere da aka yi hukuncin 1911 da zan ambata da ita, ita ce ta Sherman, wadda Amurka ta yi a 1890.

Iyayena, ku ba ni wuri in tsaya,
Ni ɗan zamanin nan ne mai waya,
Giwayen yau ba sa ɗaukar kaya,
Bayananmu suke tarawa gaba ɗaya,
Su san tallan da za su nuna wa kowa.

Hajiya, babakeren da kika ambata,
Rockefeller ya yi shi a mai, an rubuta,
Kusan kashi 90 na aikin matata,
A 1911 kotun ƙoli ta hukunta,
Gida 34 aka yi wajen rabawa.

Amma giwar yau ba ta da daji guda,
Ta ci a nan, ta kai ribar can a takarda,
Kan Apple, Tarayyar Turai ta kawo shaida,
Yuro biliyan 13 na haraji, Ireland ta ƙi yarda,
Shekara 8 aka yi kafin tabbatarwa.

Ku ji fa, ƙasar da za a ba kuɗin
Ita ta ɗaukaka ƙara don kare baƙin,
Tana tsoron kada su kwashe aikin,
Su koma maƙwabta masu rangwamen harajin,
Ƙasashe ke layi, kamfani ke zaɓawa.

A 2021 sama da ƙasashe 130 suka zauna,
Kashi 15 mafi ƙaranci suka auna,
Don riba ta daina zaɓen inda za ta kwana,
Yarjejeniya ce mai kyan suna,
Sai dai ana jan ƙafa wajen cikawa.

A 2024 wani alƙali a Amurka
Ya ce Google ta yi babakere, ya kafa hujja a doka,
Biliyoyi take biya don ta zama ta farko a wayarka,
Kai kana ganin zaɓin naka ne da hannunka,
Alhali tun a kanti aka gama shiryawa.

Malam Garba:

Madalla da Auwalu, Allah ya yi albarka. Hajiya, na karɓi gyara a wuri ɗaya: ƙaramin ɗan kasuwa ba abokin faɗana ba ne, ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu. Amma ki duba wanda ya raba kamfanin Rockefeller.

Kin ce a buɗe ƙofa, na amince,
To wa ke da ƙarfin buɗewa?

Kasuwa ba ta raba Rockefeller ba,
Doka da alƙali suka yi yankewa.

Giwa ba ta rage kanta da kanta,
In an bar ta, gonar take cinyewa.

Ki tuna shugabannin taba su bakwai,
A 1994 a majalisar Amurka suka yi rantsuwa

Cewa nikotin ba ya kama mutum,
Takardun ofisoshinsu na ƙaryatawa.

Sai da jihohi 46 suka haɗa ƙarfi,
A 1998 aka kai ga sasantawa,

Dala biliyan 206 za su biya,
Bayan huhun da ba a iya mayarwa.

Abin da nake tsoro shi ne ƙofar baya:
Jami'in da yau ke sa ido da dubawa,

Gobe ya ajiye aiki, jibi a gan shi
A kamfanin nan, kujera yana hawa.

Tun yana ofis ya san mai ɗaukarsa,
Yaya hannunsa zai yi tsanantawa?

Hajiya Rabi:

To yanzu ka zo inda zan iya binka, Malam, amma da sharaɗi. Kada ka kawo mini sabuwar hukuma mai fom goma.

A rubuta sunan duk mai ba da kuɗin zaɓe,
Da nawa ya bayar, a bar shi ga mai dubawa.

Minista in ya gana da mai kamfani,
A sa ranar a fili, da abin tattaunawa.

Jami'in da ya bar kujerar sa ido
Ya yi shekaru kafin ya je can zaunawa.

Doka ta zama gajeriya, kowa ya gane,
Mai tebur da mai bene, ɗaya wajen biyuwa.

Amma ranar da ka ce a ƙayyade farashi,
Ranar ni da kai sabon zama za mu somawa.

Baba Isyaku:

Na ji daɗin yadda kuka matso kusa. Sai dai Auwalu, jikana, labarin 1911 bai ƙare a inda ka tsaya ba, kuma ina so ka dawo ka amsa mini wannan. Na ari "wa" ɗin Garba.

An raba kamfanin gida 34,
Rockefeller na da hannun jari a kowa.

Darajar gidajen ta yi ta tashi,
Dukiyarsa sai ta ƙara ƙaruwa.

Biyu cikin 'ya'yan, Exxon da Mobil,
A 1999 suka sake haɗewa,

Da amincewar gwamnatin ƙasar
Da tun farko ta yi aikin rabawa.

Jikana, in haka giwar jiya ta yi,
Ta wayarka ta yaya za a yi mata yankewa?