Me ya sa sai an haɗa Bert da Ernie yarona yake dariya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san shirin Sesame Street ce. Yarana biyu, babbar shekararta 6, ƙaramin 3, sun maƙale wa 'yan tsanan nan Bert da Ernie. Abin da ya ɗaure min kai, ƙaramin ko "zo" ba ya ji da Turanci, amma da Ernie ya cusa ayaba a kunne, Bert ya fara yi masa magana, sai yaro ya kama ƙyalƙyala dariya har da birgima. In kuwa ɗayansu ya fito shi kaɗai, kallo kawai yake yi, baki sake. Mene ne sirrin? Sannan ga abin da ya fi damuna: babbar ta ɗauki halin Ernie, ta tsokani ƙaninta sannan ta yi irin dariyar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, kafaɗu na rawa. Kar dai shirin nan ya koya min su tsokana?

Malamin Aji Ɗaya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. A ganina ba Ernie ne ke ba yaronki dariya ba, fuskar Bert ce. Nan gaba ki bar kallon ayabar, ki zuba wa girarsa ido. Gira ɗaya gare shi, baƙa, doguwa, ta ratsa goshi, kuma tana motsi. In ransa ya soma ɓaci sai ta sauko. Ya faɗa wa Ernie akwai ayaba a kunnensa, ya maimaita, ya ɗaga murya, a ƙarshe Ernie ya ba shi amsa cewa ba ya jin sa saboda akwai ayaba a kunnensa. Yaro ba ya bukatar Turanci a nan. Tun farko ya ga ayabar, yana kallon fushi na taruwa, ya san za a fashe, jira kawai yake.

Ko ƙirarsu ma da gangan aka yi ta. Don Sahlin, mai ƙera 'yan tsana, shi ne ya haɗa su: Bert rawaya, kansa dogo, zanen rigarsa a tsaye, Ernie ruwan lemo, kansa mai faɗi, zanen rigarsa a kwance. Shi Bert kiwon tattabara da tara murafan kwalba su ne jin daɗinsa a duniya, a bar shi da littafinsa. Ernie kuwa tsakar dare ne lokacin da tunani ke zo masa. Kamar Gizo da Kura ne, in babu wanda za a yi wa, wayon Gizo ba ya ba kowa dariya.

Mai Leƙen Bayan Labule:
Malam ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da ba a gani a talabijin. Tun da aka fara shirin a Amurka a 1969, Jim Henson ne ke riƙe da Ernie, har rasuwarsa a 1990, Frank Oz kuma Bert. Sun daɗe suna aiki kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa amsar ke faɗowa daidai lokacinta. Su biyun ne dai suka riƙe Kermit da Miss Piggy, 'yan tsanan shirin The Muppet Show.

Kuma hannayensu ba iri ɗaya ba ne. Na Ernie kamar safar hannu suke, hannun mutum ne a ciki, don haka sai mutum biyu ke sarrafa shi: ɗaya baki da hannu guda, ɗaya ɗayan hannun. Na Bert da 'yan sanduna ake motsa su. To wa zai iya damƙe abu da yatsu? Ernie. Akwai wasan da ya ƙera mutum-mutumin Bert da yumɓu, ya rasa hanci, sai kawai ya miƙa hannu ya cire na Bert ya manna. Bert na tsaye babu hanci, ba yadda zai yi.

Kawu Mai Gardama:
Ni ban yarda dole sai hali ya bambanta ba. Statler da Waldorf fa, tsofaffin nan biyu na The Muppet Show da aka yi daga 1976 zuwa 1981? Dukansu masu mita ne, suna zaune can sama suna kushe duk wanda ya hau dandamali, ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe. Ina bambancin? Kuma sun fi ba ni dariya nesa ba kusa ba.

Malamin Aji Ɗaya:
Kawu, ai kai suke ba dariya, ba ɗan shekara 3 ba, don tasu duk a baki take. Kuma wa suke kushewa? Fozzie, ɗan tsanan da ke wasan barkwanci a shirin, yana ƙasa yana zufa da barkwancinsa da ba ya ci. Shi ne Bert ɗinsu.

Hajiya, batun tsokana kuwa, ki kwantar da hankali. Ki lura Ernie ba ya yi da mugunta. Bert ya hana shi cin biskit a gado saboda ɓurɓushi zai sa shi ƙaiƙayi, sai ya yarda da gaske, ya tashi ya koma gadon Bert ya ci gaba da ci. A nasa lissafin ya bi shawara. In kina son haɗin da ya fi laushi, ki nemo musu Sesame Square, wato Sesame Street na Najeriya, da NTA ta fara nunawa a 2011. A can Zobi ne, shuɗi, direban tasi, wanda doya ta gama da shi, tare da Kami, 'yar shekara 5 da aka fara fitowa da ita a Afirka ta Kudu a 2002. Babban ne ke shirme, yarinyar ke da natsuwa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan nemo na Zobi, wataƙila babbar ta ɗauki halin Kami in huta. Amma Mai Leƙen Bayan Labule, wancan na cire hanci ba za su gan shi ba a gidan nan. Na san wanda hancinsa zai sha ja.