Wannan alamar _ fa, me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a, ina neman shawara, ko da yake na riga na karkata gefe guda.

Ina koyar da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ga wasu matasa a nan Kano, wajen Kabuga, kuma da Hausa nake rubuta musu darussan. Makon jiya wata ɗaliba ta ce, "Malam, ni fa abin ya ƙi." Na duba, sai na ga ta rubuta kuɗin-haya = 500 a inda ya kamata ta rubuta kuɗin_haya = 500. Ita Python ba ta san karan ɗori (-) a cikin suna ba. Alamar debewa ta ɗauke shi, wato a cire haya daga kuɗin, shi ya sa ta tsaya cak.

Laifin nawa ne. Da na koma takardun, ashe suna uku na ba alamar nan guda: shafin farko andasko, can gaba layin ƙasa, wani wurin kuma dash na ƙasa. Yarinya ta ga dash, ta danna dash.

Andasko ita ce a bakin mutane. Je ka Farm Centre a buɗe maka imel, ita za ka ji. Ban raina aro ba, kwamfuta da intanet ma aro ne kuma sun zauna daram. Matsalarta dai ba ta nuna wa sabon shiga komai, sai ya tambaya a ina take.

Layin ƙasa na ajiye shi, domin layi ya riga ya yi mana aiki. Idan kuskure ya fito mukan ce a duba layi na 12. Ga kuma jan layi a ƙarƙashin kalma, wanda wani abu ne daban. Wani abokin aikina ya kawo karan kwance. Daɗin faɗa kam akwai, amma ai dukansu biyun a kwance suke.

Ni karan ƙasa na zaɓa. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san karan ɗori, kuma sunan daga wajen masu ɗori ya fito, karan da ake jerawa a ɗaure karaya da shi har ƙashi ya haɗe. Wannan ma haɗa kalmomi take yi, sai dai ita a ƙasa take zaune, ɗan'uwanta kuma a tsakiya. Kara biyu ke nan, kowa da mazauninsa. Kuma dole ɗalibi ya bambance su, don ƙa'idar rubutun Python da ake kira PEP 8, wadda ta fito a 2001, karan ƙasa ta ce a sa tsakanin kalmomin suna irin kuɗin_haya, alhali CSS, yaren ƙawata shafin intanet, karan ɗori take so. Yaro ɗaya zai taɓa duka biyun a rana guda.

Sai ga wata rigimar: shi sunan, karan ƙasa za a rubuta ko karan-ƙasa? Abin dariya, shi kansa karan ɗori na gan shi a rubuce da ɗorin, na kuma gan shi babu. Na san akwai malaman Hausa a Jami'ar Bayero da za su fi ni hujja, Allah ya ƙara musu lafiya, ina sauraron gyaransu. Amma a takarduna ba zan sa ba. Harafin n ɗin nan ya riga ya ɗaure kalmomin. Na bar karan ɗori ga irin su iri-iri, ka-ce-na-ce da faɗi-ka-mutu, inda in babu shi mai karatu zai yi tuntuɓe.

Kada a ce tsanani ne. Ɗalibi yakan nemi kalma a cikin darasi da na'ura, ita kuwa abin da ka buga kaɗai take nemowa. Ka rubuta suna iri biyu, rabin wuraren sun ɓace masa.

Af, mai tambaya ko ɗ ta kuɗin ce ta jawo, a'a. Tun Python 3 ana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna.

Daren nan zan bi darussan goma sha huɗu in mayar da su karan ƙasa. Mai wadda ta fi ta ya kawo kafin Asabar, don ranar zan kai a buga.