Baki Ya Karya Hanci: Musayar Waƙa Kan Maganganun Ayalan

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Mutanen Ayalan suna da karin magana cewa sau da yawa bakin mutum ke karya masa hanci. Ga nawa:

Can Ayalan tsibirin ruwa,
Sun ce baki ke jan tsiya,
Shi ne ke karya wa mai shi hanci,
Mu mun ce shi ke yanka wuya.

Kaka Mai Fura:
Angona sannu da ƙoƙari,
Ka haura teku ka bar gari,
Ka riƙe hancinka da hannu biyu,
Bakinka ne babban hatsari.

Ɗan Kurmi: Tsohuwa, kin taɓo ni. Bari in aro miki tsinuwarsu ta gado:

Kyanwa ta cinye ki, Kaka, kaf,
Shaiɗan ya haɗiye kyanwar tsaf!

'Yar Damagaram: Kai! Wannan ai ko gawa ba a bari ba. Amma dai Kaka ce a gaba, kowa ya gani.

Malam Ma'auni: Kafin a raba kambu, a duba baitin farko. Ɗango na ɗaya gaɓa 9, na biyu 8, na uku 10. Wannan ba waƙa ba ce, ɗingishi ne.

'Yar Damagaram: Allah gafarta Malam, yaushe aruli ya koma ƙirgen gaɓa kamar kwandala? Nauyin gaɓa ake aunawa, mai nauyi da marar nauyi.

Malam Ma'auni: To auna mana, 'yata. Wane kari ya hau? Mutadarik ko Kamil?

'Yar Damagaram: Karin Kurmi ya hau, a kan jaki.

Malam Ma'auni: Ban ga abin dariya ba.

Baba Na-Kumasi: Na makara, wuta ce babu tun jiya. Kun tsaya kan kyanwa, alhali tsinuwarsu mai ɗaci ita ce "tsinuwar Kuromwel ta hau ka". Oliba Kuromwel ne ya zo da rundunar Ingila a 1649, ya yi kisan gilla a garin Duroheda.

Sunan mutum ya zama ashar,
Jini ya zuba a cikin ƙasar,
Shekaru sun shuɗe ɗari uku da ɗori,
Ba su yafe ba, ba su mance asarar.

Malam Ma'auni: Baba, ɗangonka na uku ya fi na yaron nan ƙiba.

Baba Na-Kumasi: Malam, ni tarihi na kawo, ba sikeli ba.

Ɗan Kurmi: Baba ne gwani, a bar batun Kaka. Ita abin da ta sani na Ayalan bai wuce dankalin Jos da take ce wa "Arish" ba.

Kaka Mai Fura: Wannan dankalin kar ka raina shi, yaro. Da cuta ta kama shi a 1845, mutum wajen miliyan ɗaya yunwa da annoba suka kashe musu. Su ne masu cewa yunwa ita ce miya mai daɗi, kuma ba a littafi suka koyo ba. Batun kyanwarka kuwa, a tsibirinsu na Inishmari akwai duwatsun tsinuwa da ake juyawa ta hagu, amma an ce in ka tsine wa marar laifi, kanka take komowa:

Ka juya dutse ka kira ni,
Ban ci naka ba, ban sha romo,
Kyanwar da ka aiko ta ƙi ni,
Tana ƙofarka, ta juyo ta komo.

'Yar Damagaram: Ayyururui! Ina masu cewa Baba?

Malam Ma'auni: Hajiya, amsa-amon ya zauna, na yarda. Saura ɗango na huɗu.

Ɗan Kurmi: Ina zuwa, caji ya kusa ƙarewa. Kada kowa ya taɓa mini kyanwa.