Injin turbo ko allon gilashi: wanne ya cancanci kuɗina a jirgin da nake haɗawa a Jos?

Makaniken Bukuru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni makaniken manyan motoci ne a Bukuru, kuma shekara biyu ke nan ina haɗa wani ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a cikin garejin bayan gidana, samfurin Zenith STOL CH 750, wanda ake sayo sassansa daga jihar Missouri ta Amurka a yanke, a huhhuje, mutum ya haɗa da hannunsa. Na gama wutsiya da fukafukai, gangar jikin ma ta tsaya a kan tayoyinta, don haka na iso wurin da kuɗi ke magana, wato inji da farfela da na'urorin da ke gaban matuƙi.

Lokacin da na yi odar sassan farko dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, kafin a gama Fabrairun 2024 ta haura 1,500, saboda haka lissafin da na yi da farko ya rushe, kuma abin da ya rage a hannuna ba zai ɗauki dukkan burina ba. Zaɓi biyu ne a gabana. Ko in sayi injin Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100, in sa allon gilashi, wato allon lantarki mai nuna wa matuƙi awon jirgi, irin na Garmin ko Dynon tare da na'urar tuƙi da kai, ko kuma in sayi Rotax 914 mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), wanda farashin da aka ba ni ya ɗara na farko da fiye da dala dubu 10, in haƙura da agogunan awo masu allura. Ban da wannan, ina da niyyar ƙara girman tankunan mai, in sa manyan tayoyi, sannan wani abokina mai aikin walda ya ce zai ƙera mini mazaunin inji a nan gida da rabin kuɗin na kamfani. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin wannan aiki, ya kuma nuna mana ranar tashinsa. Kafin ka dubi farashin kowane inji, ka fara duban ƙasar da jirgin zai tashi daga kanta, domin ita ce za ta yi maka rabin zaɓin. Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tudun da ya kai kimanin ƙafa 4,200 daga doron teku, alhali na Abuja bai wuce ƙafa 1,100 da ɗoriya ba. A ma'aunin da masu ƙera jirage ke aiki da shi, zafin iska a tsayin Heipang ya kamata ya kasance wajen digiri 7 ne kawai. Da rana a watan Maris kuwa, idan ma'auni ya nuna digiri 30, an samu ƙarin digiri 23, kuma kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan ƙafa 120 a lissafin kaurin iska. Ma'ana, jirginka yana tsaye a kan titi amma inji da fiffike da farfela suna aiki kamar suna ƙafa 7,000 a sama.

Injin da ba shi da turbo yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Idan ka buga lissafin, dokinka 100 sun koma 79 ko 80 tun kafin ka saki birki. Mu da muka tashi daga Jos da tsakar rana a ƙananan jirage mun san yadda jirgi ke nawa a kan titi, ka tura mai har ƙarshe amma ka ji kamar ana riƙe da wutsiyarsa. Rotax 914 yana ba da doki 115 na minti biyar a lokacin tashi, sannan 100 a ci gaba da tafiya, kuma turbo ɗinsa yana riƙe wannan ƙarfi har sama da duk tsaunukan Filato. Da ni ne, kuma aljihuna zai iya, can zan karkata.

Allon gilashi kuwa abu ne mai daɗin kallo, ban musa ba, amma ba ya ƙara wa jirgi ƙafa ɗaya a hawa. Na yi shekaru ina tuƙi da agoguna shida masu allura, sun kai ni sun dawo da ni. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, allo abu ne da za ka iya kwancewa bayan shekara uku ka sa sabo, a lokacin ma farashinsa ya sauko ko an fito da wanda ya fi shi, amma canza inji yana nufin canza mazauninsa da murfinsa da farfela da bututan mai da na ruwa, sannan a sake auna jirgin gaba ɗaya. Abu ɗaya kawai zan ce kada ka yi rowa a kansa: ka sa ƙaramar na'urar da ke nuna kwanciyar jirgi, irin Garmin G5, saboda hazon hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu akan wayi gari ba a iya bambance sama da ƙasa a nesa, kuma jirgi irin naka ba na shiga hazo ba ne, amma idan hazon ya rutsa da kai a hanya wannan na'ura ce za ta taimake ka ka juyo lafiya.

Injiniya daga Kubwa ya amsa:

Ranka ya daɗe Kyaftin, lissafinka na kaurin iska daidai yake, ba ni da ja a kansa, sai dai ina neman izini in saɓa maka a kan turbo. CH 750 jirgi ne da Chris Heintz ya zana musamman don tashi da sauka a gajeren fili, da kaurin fiffike da ƙarin ɓalli a gabansa, kuma titin Heipang ya kai kusan mita 3,000. Jirgin da ke ɗagawa a ƴan mitoci kaɗan, ko da ƙarfinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, titi ba zai ƙare masa ba. Inda za a ji raguwar shi ne wajen hawa, kuma maganin wannan mafi araha shi ne rage nauyi da tashi da sassafe. Turbo yana zuwa da nauyinsa, da zafinsa a ƙarƙashin murfi, da na'urar lantarkin da ke sarrafa shi, kuma duk ranar da wani abu ya lalace a cikinsu sai an jira kaya daga Turai, tunda a Ostiriya ake ƙera injinan Rotax.

Ga lissafin da nake so Malam ya rubuta ya manna a bangon gareji. Idan ya tsaya a kan kilo 600 a matsayin iyakar nauyin jirgin da duk abin da ya ɗauka, kuma jirgin ya fito da nauyin kusan kilo 350 ba mai ba mutum, saura 250. Tankunan asali suna ɗaukar kimanin lita 90, wato kilo 65 na fetur, saura 185 na mutum biyu da jakunkunansu. Daga cikin wannan 185 ɗin ne za a cire manyan tayoyi, da injinan na'urar tuƙi da kai, da fenti mai kauri, da kujerun fata, da ƙarin mai. Kowane ɗaya idan aka ɗauke shi shi kaɗai ba ya da yawa, amma idan suka taru sai mutum ya gama jirgi mai kujera biyu ya tarar mutum ɗaya yake ɗauka. Manyan tankuna musamman ban ga amfaninsu ba, domin Rotax 912 yana shan abin da bai wuce lita 20 a awa ba a tafiyar yau da kullum, don haka lita 90 ta ishe shi zuwa Abuja ko Kaduna da ragowa mai yawa. Tunda ma ya riga ya rufe fukafukai, ƙara tanki yana nufin huda ɗaruruwan ƙusoshin ribit, kuma kowace huda dama ce ta faɗaɗa rami.

Inda nake ganin kuɗin ya kamata su tafi shi ne wajen mai. Man jiragen fistin, wanda ake kira avgas, yana da wuyar samu da tsada a ƙasar nan, abin da ya sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ta koma ga jiragen Diamond masu shan Jet A-1. Rotax yana karɓar fetur na mota, wannan ne babban dalilin da ya sa ya dace da mu, amma 912 ULS da 914 duka suna buƙatar fetur mai oktan (ma'aunin ingancin fetur) 95 zuwa sama, shi kuwa ƙaramin 912 UL mai doki 80 ya yarda da 90. Saboda haka tambayar farko ita ce, a ina Malam zai riƙa samun fetur mai oktan 95 da ya tabbatar da ingancinsa? Fetur mai ƙarancin oktan yana sa inji ƙwanƙwasa, wanda a mota kunne ke ji a rage mai, a jirgi kuwa ƙarar farfela ta rufe shi har fistin ya ƙone. Ga kuma matsalar tururi: fetur na mota yana saurin tafasa a cikin bututu idan zafi ya haɗu da tudu, famfo ya riƙa jan iska maimakon mai. Don haka famfon lantarki na biyu, da bututun mayar da mai, da rigar kare bututu daga zafi, da mazurari mai tace ruwa, da na'urar da ke nuna zafin kan silinda da na hayaƙi da matsin mai, su ne kayan ƙarin da ba zan tashi babu su ba, kuma dukansu a haɗe ba su kai rabin kuɗin babban allon gilashi ba. A ƙara da kula da filtar iska a lokacin hunturu, domin ƙura tana cin silinda a hankali.

Mai Ribit ya amsa:

Ni a kan mazaunin inji kawai zan yi magana, Malam, domin shi ya tayar mini da hankali. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya kisa. Ana yin mazaunin da bututun ƙarfe na musamman mai lamba 4130, an lissafa kaurinsa da kusurwarsa, har da ɗan karkacen da ke daidaita jan farfela. Abokinka yana iya zama gwanin walda, amma bututun da ke kasuwar ƴan ƙarfe ba wannan ba ne, kuma tsagewar da girgiza ke haifarwa ba ta nuna kanta sai ta yi nisa. Haka nan ƙusoshi da notuna, kada ka maye gurbin na jirgin sama masu lambar AN da na shagon kayan mota ko da zaren ya hau daidai. Idan kana son hannun gida ya shiga aikin, ga kujeru, ga murfin rufe jirgi, ga sandar jan jirgi a ƙasa, ga katakon tare taya.

Gyara zane ba haramun ba ne. Air Beetle da kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna, guda 60 domin horar da matuƙan Rundunar Sojan Sama, asalinsa Van's RV-6A ne na Amurka aka yi masa sauye-sauye, amma injiniyoyi ne suka yi lissafi aka kuma gwada. Ka je NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, da takardunka tun yanzu, tunda ita ce za ta yi wa jirgin rajista da lambar 5N, ka nuna musu hotuna da littafin aikinka kafin ka rufe abin da za su so su gani. Duk inda ka kauce wa zanen kamfani, kai ne za ka yi bayaninsa.

Makaniken Bukuru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Kyaftin, na karɓi maganarka a kan allon gilashi, na soke shi tare da na'urar tuƙi da kai, zan bar musu gurbi da waya kawai saboda gaba. Turbo kuwa na tsaya tare da Injiniya, domin ni makanike ne, na san abin da zafin turbo ke yi wa bututun roba, kuma kuɗin da zan rage zai biya fito da kwastan a Apapa. Mazaunin inji zan yi odarsa daga kamfani, abokina kuma zai yi mini sandar ja. Jiya na ɗora gangar jikin a kan sikeli uku na ga tun yanzu na wuce abin da na zata da kilo 6, wanda nake zargin fentin kariya da na fesa a ciki ne da yawa. Saura maganar farfela: da 912 ULS a tsayin Heipang, farfelar da ake gyara kwanciyarta a ƙasa ta isa, ko kuwa akwai wanda ya gwada mai sauyawa a sama a kan CH 750 ya ga ta biya nauyinta?